Wa ya ce a ƙara mata haske?

Watan jiya na ɗauki wani tsohon hoton kakata, Allah Ya jiƙanta, na kai wa wani mai zane da ke baje kayansa a bakin titi. Hoton ɗan ƙarami ne, wanda ta ɗauka don fasfon aikin Hajji, duk ya koɗe, gefe ɗaya ma gara ta taɓa shi. So nake a zana mini shi babba da fenti in rataya a falo. Muka yi ciniki, na ba da kafin alƙalami, ya ce in dawo bayan kwana goma.

Da na koma sai ya yaye takardar da ya rufe aikin da ita yana murmushi, yana jiran yabo. Mayafin nata ne, 'yan kunnen ma nata ne, amma matar da ke kallona daga cikin allon ban santa ba. Kakata baƙa ce wuluk, Bagobira, da tsagarta reras tun daga gefen baki har kusa da kunne. Wannan kuwa fara ce sol, kumatu sumul kamar ba ta taɓa haɗuwa da askar wanzami ba, har da hanci an ja mata.

Na ce, "Malam, wannan wace ce?"

Ya ce, "Hajiya ce mana, ranka ya daɗe. Haske na ɗan ƙara mata. Ban ma sa maka kuɗinsa ba."

"To tsagar fa?"

"Ai an daina yayinta. Duk wanda ya kawo aiki cewa yake a goge."

Maganarsa ta ƙarshe ce ta hana ni yi masa faɗa. Yaron ba mugunta ya yi ba, kyauta ya yi mini a ganinsa, irin gyaran da mai tumatir ke ƙara wa mai saye. Shi kansa baƙi ne kamar ni. Abin da muka saba nema a wurinsa shi ya ba ni.

Tun ranar nake juya maganar, ga kuma inda na tsaya: mutum ya zauna ya zana kansa, ko uwarsa, ko mutanen unguwarsu, da launinsu na gaskiya, ba wasan yara ba ne, kuma ba aikin marasa abin yi ba ne. Yana cikin 'yan hanyoyi kaɗan da ke tilasta wa mutum ya tsaya ya dubi fatarsa ya yanke hukunci a kanta da kansa. Madubi ba ya yi maka tambaya. Wayar hannu kuwa tana gyara maka fuska tun kafin ka roƙe ta. Amma mai burushi a hannu, sai ya matso fenti kala-kala ya gauraya, ya gwada a bayan hannunsa, ya ce wannan ne ni ko ba ni ba ne. A wannan ɗan lokacin ake gane abin da mutum ya ɗauki kansa.

Mutumin da ya ƙi sirka baƙinsa

Akwai wani baƙar fata ɗan Amurka, Kerry James Marshall. An haife shi a 1955 a Birmingham ta jihar Alabama, a zamanin da doka ta raba wa baƙaƙe da farare makaranta da wurin zama a bas. A 1963 iyayensa suka koma Los Angeles, yana ɗan shekara tara rikicin unguwar Watts ya ɓarke a 1965. Tun yana yaro yake zuwa gidan adana zane-zane na birnin, yana kallon manyan alluna na ƙwararrun Turai, kuma abin da ya lura da shi shi ne mai irin fatarsa ba ya ciki, in ma ya shiga to bara ne a gefe yana riƙe da tire.

A 1980 ya yi wani ɗan ƙaramin zane da bai fi shafin littafin rubutu ba. Baƙin mutum ne da baƙar hula da baƙar kwat a gaban baƙin bango. In ka tsaya daga nesa ba ka ganin komai sai fararen idanu da haƙora da ɗan wuyan riga. Sai ka matso sannan mutumin ke fitowa. Wato ya ɗauki zagin da ake yi wa baƙar fata, cewa ba a ganinsa a duhu sai ya yi dariya, ya kafa shi a bango don mai zagin ya zo ya tsaya ya ƙura ido.

Daga nan bai sake sassautawa ba. Mutanen da ke cikin zanensa baƙaƙe ne ƙirin, ba ya zuba farin fenti a fatarsu don fito da haske kamar yadda ake koyarwa a makaranta. Baƙin fenti iri uku yake aiki da su: na ƙonannen ƙashi, da na kunkunniya, da wanda ake samu daga sinadarin ƙarfe. Sai ya riƙa ɗiga musu shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa, har goshi ya bambanta da kunci, kunci ya bambanta da wuya, alhali duk baƙi ne. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mabuga a Kura ya ga yadda turkuɗi ke sheƙi bayan ya sha bugu zai gane abin da nake nufi. Kakanninmu sun daɗe da sanin baƙi ba iri ɗaya ba ne, da tsada ma suke sayensa.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da mutanen nasa ke yi a cikin zanen. Ana aski a shagon unguwa. Ana gyaran gashi. Masoya na hira. Iyali sun shimfiɗa mayafi a bakin tafki suna hutawa. Zanen shagon askin, na 1993, gidan adana zanen nan na Los Angeles da yake zuwa yana yaro shi ya saye shi. Na bakin tafkin kuma, wanda ya yi a 1997, an sayar da shi a gwanjo a watan Mayun 2018 a kan dala miliyan 21.1.

Kuɗin ba su ne hujjata ba, zan ma dawo kansu. Na kawo shi ne don a ga cewa tambayar da yaron bakin titi ya amsa cikin sakan ɗaya, wani ya shafe sama da shekara arba'in yana amsa ta.

"Wannan ai matsalar Amurka ce"

Wannan ce magana ta farko da wani abokina ya jefo mini. Ya ce su can an bautar da kakanninsu, an raba su da harshensu da sunansu, dole su yi ta neman kansu. Mu nan kowa ya san gidan ubansa, kuma duk baƙaƙe ne, wa zai nuna wa wani launi?

Rabin maganarsa gaskiya ne. Ciwonsu daban, namu daban, kuma ba na son ɗabi'ar nan ta aro kukan wasu. A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun yi wa yara baƙaƙe gwaji a Amurka. An fi sanin na 'yar tsana, inda akasarin yaran suka zaɓi farar suka ce ita ce kyakkyawa, har kotun ƙolin ƙasar ta yi nuni da aikin nasu a hukuncin 1954 da ya soke wariya a makarantu. Amma akwai wani gwajin da ya fi kusa da zancenmu: an ba yara hoton yaro a takarda aka ce su shafa masa kala irin ta jikinsu, sai ga wasu da dama sun ɗauki kalar da ta fi fatarsu haske. Kamfanin Crayola mai yin fensiran kala kuwa sai a 1962 ya sauya sunan wata kalarsa mai ruwan hoda-hoda da yake kira kalar fata, kamar fata iri ɗaya ce a duniya.

To, ka ba yaran gidanku takarda da kala yau ka ce kowa ya zana kansa. Ka ga fensirin da za a yi wa rububi.

Mu da muke cewa ba mu da matsala, mu ne masu cewa "fara ko mayya ce". Mu ne muke kiran farar mace alkyabbar mata. In za mu yabi baƙa kuwa sai mun yi kwana, mu ce ai wankan tarwaɗa ce, ko mu ce baƙa ce amma kyakkyawa, da wannan "amma" ɗin a tsakiya. Je ka rumfar masu kayan shafa ka ƙirga mayukan da ke alƙawarin haske. Je gidan da ake gyaran amarya ka ji abin da uwar ɗaki ke cewa a haɗa mata. Abin ya kai a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Ba Bature ne ke tsaye da bulala a kan 'yar da ke shafa man ba.

Sannan duk Bahaushen da ya taɓa fita ya san sanin gidan uba ba ya tsallake iyaka. Tambayi wanda ya zauna a Saudiyya aka kira shi takari, ko wanda ya bi hanyar Agadas ya shiga Libiya. A gida kai Bakano ne ko Bazazzagi ko Ba'are. Can kai baƙi ne kawai, kuma ba kai ka zaɓi sunan ba.

Haka ya faru da Toyin Ojih Odutola, wadda aka haifa a Ile-Ife a 1985. (Mu Gobirawa ba ma son yabon Yarbawa a bainar jama'a, amma yau na ɗage wasan.) Tana ƙarama aka tafi da ita Amurka, daga baya suka zauna a Alabama, inda ta tarar cewa kafin a ji sunanta an riga an gama karanta ta. Da biro ta yi suna, baƙin biro irin na 'yan makaranta. Ba ta shafe fuska da baƙi bai ɗaya, layi-layi take bi tana sassaƙa fatar kamar kitso, kowane layi da inda ya nufa. Duk wanda ya taɓa cika bangon littafinsa da biro lokacin da darasi ya gundure shi ya san tawadar in ta taru tana yin wani ƙyalli ja-ja kamar tagulla. Ita wannan ta kama ta mai da shi sana'a.

"Zanen mai rai haramun ne"

Wannan ce babbar magana a wurinmu, kuma ba zan yi mata tsalle ba. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin surar abu mai rai suna nan, ingantattu. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan bambancin gunki mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, kuma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ni ba malami ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa ya bi abin da aka ce masa, ba zan kira shi baƙauye ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce da an rufe ƙofar zanen fuska to zance ya ƙare. Dubi Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, ɗan malami ne mai makarantar allo. A shekarun 1950 ya tafi Landan ya yi karatu a makarantar zane ta Slade, ya ƙware a salon Turawa, ya dawo Khartum ya baje aikinsa. Mutanensa suka leƙa suka wuce, abin bai yi musu magana ba. Sai ya koma ya duba abin da ke rataye a ɗakunansu, da abin da ya taso yana gani a allunan almajiran mahaifinsa. Ya ɗauki baƙaƙen Larabci ya riƙa lanƙwasa su yana warware su, ya haɗa da zanen da ake yi a jikin ƙwarya da fata, da kalolin ƙasar Sudan, ja-ja da ruwan toka. Mutum ne daga ƙasar da tambayar "mu Larabawa ne ko baƙaƙen Afirka" ta ci rayuka, shi kuma a kan takarda ya zaunar da biyun wuri ɗaya. A 1975 aka kulle shi a kurkukun Kober wata shida ba shari'a. A can ma bai daina ba, a kan yagaggun takardun buhun siminti yake zane, in ya ji motsin gandiroba ya binne a cikin yashi. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa baki ɗaya.

Mu ma ai muna da namu. Zanen da magina ke yi a fuskar soro a Zariya da Kano da Damagaram, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zayyanar allon mai sauka, lallen amarya, dagi, duk sa hannu ne da ke cewa ga mutanen da suka yi wannan. Matsalar ita ce mun mai da su kayan ado na ranar biki da na bangon otal, mun daina ganinsu a matsayin abin da yaro zai ɗauka ya faɗi wani abu sabo game da kansa.

A Zariyar nan ma an taɓa yin wannan gardama. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don sun gaji da manhajar da ke koya musu kallon duniya da idon Ingila. Ba su ce a zubar da abin da aka koya musu ba. Cewa suka yi kowa ya koma gida ya ɗebo na gidansu ya haɗa. Okeke ya koma kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. A ƙofar gidanmu aka yi wannan, amma yaranmu nawa suka taɓa jin labarin?

Inda masu suka suka fi ni gaskiya

Akwai masu cewa duk wannan kasuwa ce. Turawa masu kuɗi sun gano baƙar fuska tana sayuwa, shi ke nan kowa ya koma zana ta. A nan kam ba ni da bakin musu sosai.

A Fabrairun 2020 an kai wani zanen Amoako Boafo, ɗan Ghana mai shafa fentin fata da yatsunsa, gwanjo a Landan. An yi hasashen ba zai wuce fam dubu 50 ba, sai ga shi an saye shi fam dubu 675. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a Amurka, a watan Mayun shekarar kuma sai masu saye suka yi caa a kan aikin baƙaƙe. Shiga Instagram ka ga abin da ya biyo baya: matasa daga Legas zuwa Accra suna ta fitar da abu iri ɗaya, baƙin mutum ƙirin, riga mai kala, bango mai furanni. Da yawansu ba kansu suke nema ba, mai saye suke nema. Wannan da abin da yaron bakin titi ya yi mini duk kanwar ja ce. Shi ya ƙara haske don haka kasuwarsa ke so, su sun ƙara duhu don haka tasu ke so.

Akwai kuma takurar da ke ciki. Baƙar fata ya zana kwale-kwale ko bishiyar kuka, a ce masa ina maganar launi? Kamar ba shi da izinin ya so bishiya don Allah. Amy Sherald, wadda ta zana Michelle Obama, hoton da aka buɗe a Washington a Fabrairun 2018, da gangan take yi wa mutanenta fata ruwan toka, irin ta tsofaffin hotuna marasa kala, don mai kallo ya fara ganin mutum kafin ya ga launi. Wasu baƙaƙen sun ji haushi, suka ce ta gudu daga abin da ya kamata ta tsaya a kai. Ni ban ga gudu ba. Marshall ya tsananta baƙi, ita ta janye shi, amma kowannensu ya zauna ya yi tunani ya zaɓa, kuma zai iya gaya maka dalilinsa. Yaron nan da na tambaye shi dalili, cewa ya yi haka kowa ke so.

Masu cewa zane ba ya kawo tuwo kuwa, ban ce kowa ya bar gona ya kama burushi ba. Kwalin fensiran kala da takarda ba su kai kuɗin kwalbar man bilicin ɗaya ba.

A da, wanzami ke rubuta wa mutum ko shi wane ne a fuska tun yana jariri, ba a shawarce shi ba. An bar wannan, kuma ban ce a dawo da shi ba, ni kaina ba ni da tsaga. Amma da aka ajiye askar ba a bar fuskar haka ba, wasu ne suka karɓi aikin: mai tallan sabulu, da mai ɗaukar hoton biki da ke wanke amarya a kwamfuta har danginta su kasa gane ta, da manhajar waya. Gara a miƙa wa yaron alƙalamin, ko da zai fara da kuskure.

Na mai da wa yaron aikinsa. Na ce ya sake, zan ƙara masa kuɗin fenti, kuma a gabana za a haɗa kalar. Ya matso baƙi ya shafa, muka duba, ta fito kamar gawayi, ba rai. Ya ƙara ruwan ƙasa, ta yi fari da yawa. Na miƙa masa hannuna na ce ya duba da kyau, don fatarmu ɗaya da ita. Ya riƙe wuyan hannuna ya juya shi a rana ya daɗe yana kallo, har masu wucewa suka fara tsayawa. Can ya ce, "Ikon Allah. Ashe akwai ja a ciki." Ya ɗiga ja, ya ɗiga shuɗi kaɗan wajen gefe.

Sati biyu ya ƙara kafin ya gama. Hoton yana falo yanzu. Da gwaggona ta zo ta gan shi sai ta tsaya ta yi shiru, ta yi wa tsohuwar addu'a, ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta matsa kusa ta sa yatsa tana ƙirga tsagar, ta juyo ta ce, "Kai, an rage mata ɗaya a hagu."